Ƙofar Gidan Su Sa'idu

A wani gidan haya da ke unguwar Tahaggart, a Tamanrasset, akwai dokar da ba wanda ya kafa ta amma kowa yana bi: ba a tambayar mutum garinsu. Mazauna gidan 'yan hanya ne, daga Nijar da Najeriya. Wasu suna jiran motar arewa, wasu arewar ce ta koro su. Kowa ya shiga ɗakinsa sai ya ja ƙofa. In jandarma sun kama ɗaya, sauran ba su da abin faɗa a kansa, don ba su san komai ba.

Tijani ne mai gadin gidan. Tsoho ne, mutumin Damagaram. A da magini ne, irin masu zana fuskar gidaje a Birni. Ya zo nan ya yi ta ɗaukar siminti a shantiye, wurin gine-gine, har bayansa ya ƙi, sai Balaraben da ke da gidan ya ba shi ɗakin bakin ƙofa. Ba ya hira, ba ya roƙo. Abin da ya tambaya sau ɗaya ba ya sake tambayarsa.

Bara wani ya mutu a gidan. Tijani ne ya yi masa wanka, shi da limamin unguwa da direban da ya ɗauke su suka rufe shi. Da ya dawo ya rasa wanda zai yi wa gaisuwa, ya rasa inda zai aika labari. Abin bai bar shi ba.

Shi ya sa hankalinsa ya tashi a kan Sa'idu, na ɗakin kusurwa. Magidanci ne da aka koro daga arewa, ya sauka a gidan da tari. Tarin yana ƙaruwa, shi yana raguwa. Asibiti sun ba shi magani, bai ji ba. Wayarsa tun a hanya aka raba shi da ita, bai nemi wata ba. Wata safiya Tijani ya tsaya a ƙofarsa ya taka dokar gidan.

"Kai, ɗan nan. Ina ne garinku?"

Sa'idu ya juya fuska bango. "Baba, bar maganar nan."

Tijani ya bar ta.

Ana nan aka yi ruwa a kan duwatsun Hoggar, kwari ya cika, ragowar ruwan ya zubo cikin gari ya zaftare yaɓen katangar tsakar gida. Mai gidan ya ce a gyara. Tijani ya kwaɓa jar ƙasa da yayi, ya fara yaɓe. Bai yi niyyar komai ba. Ƙasar ce da laushi, hannun kuma bai manta ba. Kafin azahar zanen ƙofar zauren mahaifinsa ya fito a jikin katangar, da dagi a samanta, da zanko hagu da dama.

Mairama, 'yar Maraɗi mai sayar da shinkafa da wake a gidan, ita kaɗai ce ba ta ɓoye garinsu, don harshenta ya riga ya tona ta. Ta tsaya da ludayi a hannu.

"Baba, ashe hannun nan ya iya wani abu banda rufe mana ƙofa?"

"Je ki, wakenki na ƙonewa."

"Ya ƙone. Yi mini tamu. Ta kwano ce, ta ɗan karkace, akwai randa a gefe."

Ya harare ta. Amma ya yi mata. Da wutsiyar cokali ya fitar da layin kwanon. Da ta ga randar sai ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne.

Washegari Ɗayyabu ya fito, wani dogo mai gyaran takalma a kasuwa, wanda watanni ba a ji komai daga bakinsa ba sai sallama. Ya dubi ƙofar Tijani ya taɓe baki.

"Wannan ce ƙofar Damagarawa? Ai ko akuya sai ta sunkuya. Mu a Kano…" Sai ya kama bakinsa.

Mairama ta tafa. "Ya faɗa! Bakano ne! Dama na ga cika bakin."

"Faɗi taka," in ji Tijani. "In da abin faɗa."

Haka abin ya kama. Ba wanda aka tambaya garinsu. Ƙofa kawai ake tambaya, garin sai ya biyo ta da kansa. Da la'asar mutane suka fara fitowa da tabarmi, ana gardama a kan wace ta fi kyau, ana zuba shayi. Wanda aka yi wa tasa, a gindinta yake zama, kamar ya isa gida. Wani ya hau motar In Ekker, hanyar arewa, ya bar tasa a katangar, ya ce a riƙa gaishe masa da ita.

Sa'idu yana kallo daga bakin ɗakinsa, lulluɓe da bargo cikin rana. Tijani bai sake tambayarsa ba. Sai dai ya bar fili a katangar, daidai inda idon Sa'idu yake sauka. Ya yaɓe shi sumul, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kullum da safe ya yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. In ya fara tsagewa ya kankare ya sake sabo.

"Baba, wannan filin na wa ne?" in ji Ɗayyabu.

"Na mai shi."

Mairama takan ajiye wa Sa'idu kunu, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kai kaɗai ka rage, ƙanena. Ko a kan bishiya aka haife ka?" Yakan yi murmushi, tari ya katse shi.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Sa'idu ya kira Ɗayyabu da hannu. Ɗayyabu ya tallabe shi har gindin katangar. Ba shi da nauyi. Tijani ya yaye buhun ya miƙa masa cokali. Sa'idu ya girgiza kai, ya sa yatsa.

Ya zana ƙofa gajeriya, ba ado. Ya huta. Ya zana itace a hagu, ya karkato da shi har reshensa ya taɓa saman ƙofar. Ya dangwala ramuka a jere a can sama.

"Tukwanen tantabaru ne," ya ce. "Babana ya binne su a katanga. Itacen kurna ce."

Sai ya kewaya wani abu a ƙasa, daga dama, ya daɗe yana shafa shi da yatsa.

"Turmi ne da ya fashe, aka kife. A nan take zama in rana ta yi sanyi. Tana kallon hanya."

Ba wanda ya tambaya ko wace ce. Tijani ya tsuguna da ƙyar, bayansa na ƙara. Ya yi abin da bai saba yi ba, ya sake tambaya.

"Wane gari, ɗana?"

"In na faɗa za ka aika, Baba. Ita a saninta na haye teku, ina can ina aiki. Da kuɗin gonar babana na taho. Da wane baki zan ce ga inda na ƙare?"

"Jiran da take yi fa? Ka bar ta a kan turmin nan har yaushe?"

Sa'idu ya daɗe yana kallon abin da ya zana. Hawaye ya bi masa gefen hanci.

"Ga ƙofar nan. Wanda ya gane ta, ya je ya faɗa mata. Na yarda. Ni dai bakina ba zai iya ba."

Bai kai wata Juma'ar ba.

Wannan karon gidan ya fito kaf. Waɗanda suke gudun titi saboda jandarma, har su sun bi gawar. Mairama ta dafa abinci ba ta sayar ba. Da aka dawo daga maƙabarta mutane suka rasa wanda za su yi wa gaisuwa, sai suka jeru suna ba Tijani hannu. Ya karɓa.

Ɗayyabu ya ɗauki hoton ƙofar a waya ya tura wa duk wanda ya sani. Amsa ta yi ta zuwa. Wani ya ce kamar a wajen Gumel ya ga irinta. Wani ya rantse ta Matamaye ce. Wani ya ce kurna da tantabaru ai ko'ina akwai. Aka bi, ba a samu ba.

Tijani bai ƙara wa zanen komai ba, bai gyara karkatar layin ba. Ya samo guntun kwano ya kafa a samansa saboda ruwa.

Yanzu duk baƙon da ya sauka a gidan, kafin a nuna masa ɗaki sai tsohon ya ja shi gindin katangar. Jiya ma wani ya zo, da jaka a kafaɗa da ƙurar hanya a gira.

"Ka san ƙofar nan?"

Mutumin ya duba. "A'a, Baba."

"Duba da kyau. Ga kurna. Ga turmi."

Ya sake dubawa, ya girgiza kai.

Tijani ya ɗora hannunsa a kan turmin.

"To. Je ka wurin matar can ta ba ka abinci. In ka ci ka dawo, ka faɗa mini yadda taku take."