Tabon Kurkum a Hannun Riga

Doka ɗaya ce a gidan Direba, kuma ba shi ya kafa ta ba: ba a shiga ɗakin ɗinki da abin ci ko abin sha. Matarsa, wadda unguwa duka ke kira Gwana saboda iya ɗinkinta, ita ta kafa ta tun suna amarci, kuma shekara ashirin da shida ko ruwan sanyi bai taɓa ƙetare bakin ƙofar nan ba.

Shi kuwa Direba, sunan ne kawai ya rage masa. Tun da idonsa ya fara hazo aka karɓi makullin mota aka sallame shi, ya dawo gida ya zama mai gyara zaman kujeru. Ana haka Gwana ta kwanta ciwon ƙirji wata uku cur. A cikin jinyar ne ya koyi aikin da yanzu yake taƙama da shi, wato dafa madarar kurkum. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce masa abu mai ɗumi zai lallashi maƙogwaronta bayan ta sha magani, shi kuwa ya riƙe maganar kamar an ba shi takardar kama aiki.

Wata ukun nan sun watsa masu kawo ɗinki, don mai biki ba ta jiran tela ta warke. Mutum ɗaya ce ta dawo: shugabar makarantar 'yan mata, da wani farin yadi mai laushi da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata, wanda babu irinsa a kasuwa. Yau da ƙarfe huɗu za a yi taron yi mata bankwana saboda ta yi ritaya, ƙarfe uku za ta zo karɓar rigar. Malaman makarantar kaf za su kalli ɗinkin su tambayi wace ce ta yi. Idan ya yi kyau, keken Gwana ya tashi ke nan. Idan bai yi ba, sai dai a lulluɓe shi.

Da hantsi Direba ya ɗora ƙaramar tukunya a wuta kaɗan, ya zuba madara kofi ɗaya da rabi. Ya fere ɗanyen kurkum kamar gaɓar yatsa, ya goga shi a ciki, ya goga citta, ya jefa ɓallin kirfa, ya barbaɗa masoro da bakin cokali. Ya tsaya yana juyawa, don madara ba ta da amana, kana kau da kai za ta hau ta zube. Da ta fara kumfa a gefe ya sauke, ya tace, ya bari ta ɗan huce kafin ya sa zuma. Ƙamshi ya cika kicin.

"Gwana! Ga shi fa zai huce."

Shiru. Ya leƙa tsakar gida, babu takalmanta. Sai ya tuna ta ce farin zare ya yanke mata, za ta je shagon bakin titi.

A nan shaiɗan ya raɗa masa shawara. Tun asuba take tari, ya kira ta sau biyu jiya ba ta fito ba sai da madarar ta yi sanyi. In ta dawo ta tarar da kofin kusa da kekenta, ai dole ta sha. Ya shiga ɗakin da sanɗa, hannu biyu a kan kofin, ya ajiye shi can ƙasa a lungu, nesa da kowane ƙyalle. Ko ɗigo bai zuba ba. Har yana yaba wa kansa.

Zai fita ke nan ya ga hannun rigar ya zamo daga kan tebur yana neman taɓa ƙasa. Bawan Allah ya sa yatsu biyu ya ɗaga shi ya mayar.

Ya kai bakin ƙofa sai wani abu ya ce masa ya waiwaya. Ya dawo, ya kawo yadin dab da hancinsa saboda idon nan nasa. A bakin hannun rigar, ga babban yatsansa nan zaune, rawaya, har da zanen fatarsa.

Ya dubi hannunsa. Ya yi ta tsaron kofi, ya manta da hannun da ya goga kurkum.

Shekara talatin yana tuƙi, abu ɗaya ya sani game da tabo: in abu ya zuba a kujerar mota, a sa sabulu a goge tun bai bushe ba. Ya ruga banɗaki, ya dawo da sabulun wanki da jiƙaƙƙen tsumma, ya shafa, ya murza.

Tabon ya juye ya zama ja jawur.

Direba ya saki salati. Ya ƙara sabulu, jan ya ƙara faɗi, daga girman yatsa ya kai girman murfin kwalba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da birki ya tsinke masa a gangara, don ran nan ya san abin da zai yi.

Ƙofar gida ta yi ƙara. Takunta, tarinta, sannan ga ta tsaye a bakin ɗaki da zare a hannu.

Ta ga jan. Zaren ya faɗi. Ya runtse ido yana jiran abin da zai biyo baya, sai ya ji ta cafke hannuwansa tana juya su.

"Ina ka yanke? Malam, almakashi ne? Nuna min!"

"Ba jini ba ne," ya ce. "Kurkum ne. Na sa sabulu."

Ta tsaya cak. Ta daɗe tana kallon yatsunsa, waɗanda suka rine har cikin farce. Sannan ta dubi kofin da ke lungu, ta dubi rigar. Ba ta yi faɗa ba, kuma shi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Kawo lemon tsami," ta ce. "Ka wanke hannunka tukuna. Kar ka sake taɓa komai."

Ta ɗauraye sabulun da ruwan sanyi, ta matsa lemon, jan ya koma rawaya. Bai fita ba, ya dai koma inda ya fito.

"Yanzu sai rana. Ita kaɗai ke cin kurkum. Amma ba zan shanya rigar duka ba, ƙura za ta hau ta."

Ta naɗe rigar cikin zanin gado mai tsabta, ta bar bakin hannun kawai a waje. Ta sa masa safar hannu ta roba, ta ɗora masa ƙunshin kamar jariri, ta nuna masa tsakar gida.

Daga ƙarfe goma ya tsaya. Inuwar katanga na matsowa yana ja da baya, yana bin rana kusurwa zuwa kusurwa. Sanƙonsa ya yi zafi, kafaɗunsa suka sage. Wajen sha biyu wani gajimare ya zo ya yi zaune a kan gidan, ya ɗaga kai yana roƙonsa a fili ya wuce. Kowane rabin awa Gwana za ta fito, ta ɗiga ruwa a wurin, ta duba, ta koma ciki.

Ƙarfe biyu da rabi ta karɓi rigar. Tabon ya dushe sosai, saura wata 'yar inuwa da sai mai nema zai gani. Ta ƙara kalmashe bakin hannuwan biyu, ta bi da ɗinki, inuwar ta shige cikin ninki. Ta goge, ta rataye.

Shugabar makaranta ta iso uku saura biyar. Direba ya maƙale a kicin, kunnensa na ɗakin ɗinki. Ya ji motsin yadi, ya ji ta ce, "Kai, madalla! Gwana, ashe hannun yana nan." Ya sauke numfashi. An tsira.

Sai ya ji muryar matarsa.

"Ranki ya daɗe, akwai abin da zan nuna miki. Juyo hannun dama. Kin ga nan ciki? Kurkum ne ya taɓa shi. Sakacina ne, ki yafe ni."

Ya ƙara kasa kunne.

"Yadin Inna ne fa," in ji shugabar a hankali.

"Na sani. Shi ya sa ban ɓoye miki ba."

Sannan ƙarar jaka, da takun takalmi. A bakin ƙofa matar ta tsaya ta ce, "Zan sa ta. Sauran maganar sai na ga yadda raina ya yi." Ta tafi ba ta ce za ta dawo ba, ba ta kuma ce ba za ta dawo ba.

Gwana ta shigo kicin ta jingina da bango, a gajiye liƙis.

"Don me kika ce ke ce?" ya tambaya, idonsa a ƙasa. "Ni na shiga. Ni na taɓa."

Ta kamo hannunsa na dama ta buɗe tafin, ta shafa babban yatsan da nata.

"Wata uku kana goga min abin nan kullum," ta ce. "Ni da nake gane zare ya karkace daga nesa, sai yau na kalli hannunka."

Idon nan mai hazo ya ƙara hazo.

Ta sake shi, ta yi tari, ta tura masa ƙaramar tukunyar.

"Wancan ya huce tun safe. Ɗora wani. Ka auna na mutum biyu, a nan zan sha."