Waken da Aka Hana Rana

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Lambu ya yi yana renon tsirrai a bakin titi, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa bari mai saye ya ga ganye rawaya a rumfarsa ba. Da zarar tsiro ya yi laushi sai ya mayar da shi bayan durom ɗin ruwa, ya yi jinyarsa a ɓoye. Mutane na cewa hannunsa na da albarka. Shi ya san rabin albarkar nan iya ɓoyo ne, amma bai taɓa gyara musu zance ba.

Jikarsa 'yar aji huɗu a gidansa take tare da uwarta. Aku yake kiranta, domin tun daga ƙofar gida take fara ba da labarin makaranta, ba ta kuma dasa aya sai barci ya ɗauke ta. Da daɗewa ya gano dabarar zama da ita: ya gyaɗa kai, ya ce "to", ya ce "madalla", hankalinsa kuwa na can wurin dashen mangwaro. Ana yawan cewa yara ba sa sauraron manya, amma ba kasafai ake binciken ko manyan na sauraro ba.

A bana an kawo wa ajin su Aku sabuwar malama wadda ba ta yarda allo da alli kaɗai sun isa ba. Tun farkon damina yara ke komowa gida da laka a gwiwa, yau sun yanka gora sun auna ruwan sama, gobe sun gina tukunyar yumɓu. Ranar rufe makaranta kuwa aka ce za a yi bikin ƙarshen damina, iyaye su zo su ga aikin hannun 'ya'yansu. Hedimasta da kansa ya tako har rumfar Mai Lambu ya roƙe shi dashen itatuwa goma da yara za su dasa a ƙarshen taro.

Da safiyar ranar, uwar Aku ta fita asibitin da take aiki tun kafin bakwai.

"Baba, ku za ku wakilce ni fa. Ku sa rigar kirki, don Allah."

"Wadda ke jikina ta banza ce?"

"Ni dai ban ce ba," ta ce, ta fice tana dariya.

Aku na banɗaki tana wanka tana rera waƙar da za su yi. A bakin ƙofa Mai Lambu ya ga wani kwali an ɗaure shi da zare, an huhhuda ƙananan ramuka a gefensa. Ya tuna sati uku ke nan kwalin na ƙarƙashin gadonta, ya kuma tuna ta yi wani dogon bayani a kansa, wanda ya amsa da "madalla". Ya kwance zaren.

Gwangwanin madara ne a ciki, an shafa masa shuɗin fenti, a cikinsa kuma wake ne ya tsiro. In dai wannan za a kira shi tsiro. Dogo ne siriri kamar zaren ɗinki, fari fat daga ƙasa, ya lanƙwashe ya bi jikin kwalin, da 'yan ganye biyu rawaya kamar kunnen ɓera. Mai Lambu ya hango teburin makaranta a ransa, gwangwanaye a jere kore shar, ga wannan abu a tsakiya, ga iyaye na taɓa juna: na jikar wane ne? Na jikar Mai Lambu.

Bai tsaya shawara ba. A bayan gida yana da wake da ya shuka a leda, masu kauri, ganye fal-fal. Ya zaɓi wanda tsawonsa ya yi daidai da kwalin, ya zare na Aku da ƙasarsa, ya dasa nasa, ya danna gefe da babban yatsa, ya goge bakin gwangwanin. Aikin minti biyu. Farin tsiron kuwa ya kasa jefarwa, don hannunsa bai saba yar da abu mai rai ba. Ya cusa shi a ledar da ya cire nasa, ya ajiye a kwanar baro ƙarƙashin dashen itatuwan. Ya mayar da zaren yadda ya same shi.

Aku ta fito tana ɗaura bel.

"Tsoho, ka taɓa min kwali?"

"Ni da kwalinki? Me zan ci a ciki?"

"Kar ka buɗe fa. Ko ni ba na buɗewa, ta ramin gefe nake zuba ruwa."

"To, madalla," ya ce, ya kama hannun baro.

An ƙawata filin makaranta da ganyayen takarda da yara suka yanka suka rataye a igiya. 'Yan aji ɗaya sun sa hulunan kwali, rabinsu sun rufe musu ido. An jera tebura a ƙarƙashin inuwa: ga tukwanen yumɓu masu karkataccen baki, ga gorunan auna ruwa, ga takardun da aka manna wa iri kala-kala. Mai Lambu ya ajiye baronsa a bayan aji, Hedimasta ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a layin gaba. A gefensa wani direba ne mai ƙaton murya wanda ɗansa ke aji ɗaya da Aku.

Aka yi waƙa, aka yi tafi. Sai Malama ta kira yara huɗu, kowa da kwalinsa, Aku ce ta ƙarshe.

"Iyayenmu," in ji Malama, "waɗannan huɗun tambaya ɗaya suka yi: me tsiro ke bukata? Wake iri ɗaya suka shuka, rana ɗaya. Na farko an ba shi komai. Na biyu an hana shi ruwa. Na uku an hana shi ƙasa. Na huɗu kuma an hana shi rana, sati uku yana cikin duhu."

Mai Lambu ya waiwaya bayan aji, inda ya bar baronsa.

Na farko ya buɗe, wake kore. Na biyu ya buɗe, busasshiyar ƙasa, aka yi dariya. Na uku ya ɗaga 'yar saiwa a kan auduga. Aku ta matso gaba, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga murya yadda ta kwana biyu tana gwadawa a tsakar gida.

"Ni nawa ban ba shi rana ba ko sau ɗaya. Yanzu za ku ga yadda tsiro yake zama idan babu haske."

Ta kwance zaren, ta ɗago gwangwanin sama da hannu biyu. Ganyen ya baje, kore shar, ya fi na yaron farko kyau nesa ba kusa ba.

Dariya ta fashe a filin.

"Ashe rana ɓata lokaci ce!" in ji direban, yana dukan cinya. Ya dafa kafaɗar Mai Lambu. "Jikarka ce ko? Ai dole! Jinin gidanku ko a cikin rijiya ya shuka sai ya fito."

Wannan ita ce maganar da Mai Lambu ya so ji da safe. Yanzu da ta zo, ji ya yi kamar an watsa masa ruwan zafi a fuska.

Aku ta sauke gwangwanin tana kallonsa. Malama ta sunkuyo, ta yi ƙasa da murya, amma layin gaba na ji.

"Kin fitar da shi rana ne?"

"A'a, Malama."

"Ba laifi ba ne in kin ji tausayinsa. Faɗa min kawai."

"Wallahi ban fitar ba."

"Ƙarya take!" in ji ɗan direban daga cikin 'yan ajin. "Ta ɓata mana aiki."

Malama ta daka masa tsawa, amma ita ma fuskarta ta nuna abin da take zato. Ta miƙe ta ce wa iyaye, cikin murmushin da bai kai ido ba, wani lokaci gwaji yakan zo da abin da ba a zata ba, za su tattauna a aji. Hedimasta ya duba takardarsa zai kira na gaba.

Mai Lambu na zaune. Wannan zaman ne daga baya ya fi ci masa rai, fiye da musanyar kanta. Ya ce a ransa zai yi mata bayani a gida. Ya ce zai samu Malama a keɓe bayan hutu. Ya ce yara ai mantuwa gare su. Duk wannan lissafi ya yi shi yana kallon jikarsa, wadda bakinta bai taɓa rufuwa ba tun da ta koyi magana, tana tsaye shiru, ba ta ko waiwayo inda yake ba. Ba ta zarge shi ba. Ko kusa bai zo mata a rai ba.

Ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara.

"Ranka ya daɗe, a dakata."

Bai jira amsa ba, ya ratsa ta gaban tebura ya zaga bayan aji. Tafiyar ba ta kai taku talatin ba, amma dawowar ta yi masa tsawo, da 'yar leda a tafin hannu, idon kowa a kansa. Awa uku a baro sun galabaitar da farin tsiron, ya kwanta a kan yatsunsa kamar jiƙaƙƙen zare. Ya ajiye shi a teburin.

"Malama, wannan ne nata. Wancan nawa ne. Ni na musanya da safe tana wanka."

"Baba, ku?" in ji Malama.

"Ni. Na ga ya yi rawaya, na ji kunya." Ya dubi Aku. "Ta yi min bayani tun sati uku. Ban saurara ba. Ta tambaye ni ko na taɓa, na ce a'a. In akwai mai ƙarya a filin nan, ga shi tsaye da furfura."

Wata mata ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Direban ya shiga gyaran hularsa. Malama ta dubi Aku.

"Ki yi haƙuri, na zarge ki. Zo ki ƙarasa bayaninki."

Aku ta share ido da bayan hannu. Ta ɗauki ledar a hankali, ta tallabi tsiron da yatsa ɗaya. Ta ce ya yi tsawo ne don yana neman haske, ya yi fari don bai samu ba. Ta ɗauko na kakanta ta ajiye a gefensa, ta ce a duba bambanci. Aka yi tafi mai yawa, irin wanda mutane ke yi idan suna son a wuce wurin da sauri.

Da aka zo dashe, Hedimasta ya ce Baba ya nuna wa yara yadda ake yi. Ya durƙusa ya nuna, kansa a ƙasa, ya gode wa Allah da aikin na mai kallon ƙasa ne.

A hanyar gida baro ba komai sai kwalin da gwangwani. Aku na gaba da ledarta, ba ta ce uffan ba har suka wuce shagon mai faci. Bai taɓa sanin shirunta na da nauyi haka ba.

"Aku."

Ta ci gaba da tafiya.

"Uwar gida, a yi min afuwa."

"Ka ce me za ka ci a ciki."

"Na faɗa."

"Sai na gaya wa Mama."

"Ki bari ni in gaya mata."

Ta tsaya, ta ɗago masa ledar. "Zai rayu?"

Ya karɓa ya duba gindin, ya murza ƙasar. Bakinsa ya ɗauko "zai rayu mana", ya mayar.

"Ban sani ba. Rana ta buge shi da yawa lokaci ɗaya. Sai dai mu gwada inuwa tukuna."

"Ba a bayan durom ba," ta ce. "A gaba, inda kowa zai gani."

Washegari masu wucewa ta bakin titi suka ga wani farin abu a gwangwani mai shuɗin fenti, a layin gaba na rumfar Mai Lambu, an tokare shi da tsinken tsintsiya. Wani mai saye ya nuna shi da baki ya ce, "Baba, wannan fa, lafiya?"

Mai Lambu ya ajiye butar ban-ruwa.

"Zauna," ya ce. "Labarin da ɗan tsawo."