Koren Motar Malama

Sau uku ke nan Mai Ido yana kankare ƙofar motar nan yana sake fesa mata fenti, kuma har yanzu babu wanda ya ce masa ta yi. Mai walda ya zo ya tsaya, ya kalla, ya sosa ƙeya, ya koma kan aikinsa. Wannan shirun ne ya fi ci masa rai. Shekara talatin da ɗoriya yana haɗa fenti, laƙabinsa ma a nan ya samo shi. A nuna masa ɓallin tsohon fenti ko da bai fi farce ba, zai shiga ɗakin gwangwanaye ya fito da irinsa sak, ba sikeli ba na'ura.

Motar ta wata tsohuwar malamar makaranta ce, gadon mijinta. Ƙirar shekara sittin da suka wuce, mai zagayayyun fitilu da siririn sitiyari. Shekara goma sha tara ta yi a rumfa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ƙanen Mai Ido, wanda dillancin tsofaffin motoci ne sana'arsa, ya yi ta zarya a sayar masa, Malama ta ce ba ta sayarwa ba ce, a dai gyara mata ta kai ta taron baje kolin tsofaffin motoci. Wata bakwai suna kanta. Inji ya tashi, an cike ramukan tsatsa, matar Mai Ido da take tela tana ƙarasa ɗinkin kujeru a gida. Fenti kaɗai ya rage, taron kuma ranar Asabar ne. Asalin launin sun same shi a bayan murfin tanki, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba: kore mai duhu, mai sanyin kallo.

Ranar Litinin da hantsi ƙanen nasa, Dillali, ya shigo yana kaɗa makullai. Ya tsaya gaban ƙofar, ya karkata kai.

"Yaya, wannan ai ta tafi shuɗi."

"Idonka ne ya tafi shuɗi."

"Wallahi da gaske nake. Kawo murfin ka gani."

Mai Ido ya ɗauko murfin tankin ya kara a jikin ƙofar. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya rufe ido ɗaya. Shi bai ga wani bambanci ba.

"Hasken rumfar nan ne," ya ce. "Tun bara nake cewa a cire kwanon nan a sa mai haske. Ku turo ta waje."

Suka turo ta tsakar gareji, rana ta dake ta. Dillali ya dubi mai walda, mai walda ya dubi takalminsa.

"To fentin ne," in ji Mai Ido. "Mutumin nan ya fara sayar mana da jabu."

Ya hau babur ya tafi shagon mai fenti, ya yi masa faɗan da bai ci ba bai sha ba, ya sayo sababbin gwangwanaye a wani shagon. Ya dawo ya haɗa, ya fesa a gutsuren ƙarfe, ya hura masa iska, ya kasa jira ya bushe, ya taɓa, yatsa ya fito a jiki. Ya jefar ya sake wani.

Da rana ya je gida cin abinci, amma bai zauna ba. Falon ya cika da soso da fata, kujerar bayan motar na kife a kan tebur. Matarsa na kan keke tana bin gefen fatar da ɗinki. Ya ɗauki cokali, ya ajiye, ya leƙa taga, ya dawo.

"Baban yara, ka zauna mana, kana sa ni karkata layi."

"Ba ni da lokacin zama."

"To tunda kana tsaye, miƙo min koren zaren can."

Zare biyu ne a kan kanta. Ya ɗauki ɗaya ya miƙa mata. Ta karɓa ta riƙe, ba ta sa a keken ba.

"Wannan shuɗi ne," ta ce a hankali.

"Ke ma ƙanena ya biya ta nan ke nan."

"Babu wanda ya biyo. Farar rigarka da ka ce ta dafe, sau biyu na sake wanke ta, fara ce tas. Labulen ɗakinmu da ka ce ya koɗe, sabo ne, wata uku da saye. Na yi shiru ne don na san halinka."

Ya ajiye abincin ya fita, ko hula bai ɗauka ba.

Talata ya wuni yana haɗi. Gutsattsarin ƙarfe goma sha ɗaya ya jera a jikin bango, kowane da nasa koren. Ba ya tambayar kowa, amma duk wanda ya wuce sai ya saci kallon fuskarsa.

Laraba da safe Malama ta zo, tana dogara sanda, jakarta a hammata. Ta shafa sitiyari, ta sa aka tayar mata da inji ta saurara, ta yi murmushi. Sannan ta zagayo wajen ƙofar. Ta ciro tabarau ta saka.

"Malam mai fenti, wannan gwaji ne ko?"

"Gwaji ne, Malama."

"Yawwa. Don wannan ba motar maigidana ba ce. Tasa in ya faka ta ƙarƙashin bishiyar makaranta, sai ka neme ta ka rasa." Ta cire tabarau, ta ɗaga kai ta dube shi kamar ɗalibin da ya ƙi yin aikin gida. "Matso nan. Kalli sama. Yaushe rabonka da likitan ido?"

"Ni? Idona ai shi ne jarina."

"Shi ya sa na tambaya. Ni ma haka na yi ta yi wa yara faɗa wai alli ba ya fita a allo."

Tana tafiya ya wanke hannu da kananzir ya nufi asibitin ido. Layin ya kai bakin ƙofa. Ya zauna, ya tashi, ya karanta duk takardun da ke manne a bango, ya fita ya duba baburinsa, ya dawo ya tarar an zauna a wurinsa. Sai bayan azahar aka kira shi. Likitar yarinya ce, ba ta fi babbar 'yarsa ba. Ta haska masa fitila, ta ɗiga magani, ta sake haskawa.

"Baba, yanar ido ce, a duka biyun. Ta yi rawaya, kamar kana kallon duniya ta cikin kofin shayi. Shuɗi ba ya isa cikin idonka sosai. Wace sana'a kake yi?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye biro.

"To shi ya sa kake ta ƙara shuɗi ba ka ganin ya yi yawa. Aiki ne ƙarami, za ka gani garau. Nan da mako uku akwai wuri."

"Ba za a iya kafin Asabar ba?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake.

Da ya koma gareji Dillali ya kawo shawara. Akwai wani sabon shago da na'ura ke karanta launi, a kai musu murfin kawai. Suka kai. Mai shagon ya juya murfin, ya ce na'urarsa sai da fili shimfiɗaɗɗe kamar tafin hannu, wannan kuwa duk lanƙwasa ne, ga tsohon fenti da ba ya cikin lissafinta. A hanyar dawowa Dillali ya ce ko a ba Malama haƙuri sai taron baɗi. Mai Ido ya ce mace mai shekara tamanin ba a ce mata baɗi.

Alhamis da sassafe yana zaune kan jarka yana kallon gwangwanaye, sai ga matarsa ta shigo da kwandon zarenta. Rabonta da garejin tun ana zuba masa siminti.

"Me ya kawo ki? Warin nan zai sa miki ciwon kai."

"Shekara nawa nake daidaita zare da yadi? Kai ka zuba, ni in duba. Ina murfin?"

Ya ɗauko ya miƙa mata. Ta ja kujera bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗora murfin a cinya. Ya haɗa na farko ya shafa a ƙarfe.

"Shuɗin ya yi yawa. Sake, ka rage rabi."

Ya sake.

"Ƙara rawaya. Ba haka ba, ɗigo. Hannunka nauyi gare shi kamar mai zuba gishiri a tukunyar taro."

"In ya bushe zai ƙara duhu fa."

"To mu jira ya bushe."

Jiran ne ya fi ƙarfinsa. Ya zagaya motar, ya goge bambar da ya riga ya goge, ya daidaita madubi, ya dawo. Ta ce baƙi kaɗan. Ya ce baƙi zai kashe shi, sai dai ja-ja mai duhu, ɗigo ɗaya. Ta ce gwada. A haɗi na shida ta daɗe tana kallo, ta fita rana, ta shiga inuwa, ta kira mai walda. Mai walda ya ce, "Shi ne wallahi," da ƙarfi, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Mai Ido ya karɓi ƙarfen, ya ɗauko nasa na ranar Litinin, ya jera su da murfin a kan benci. Ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa su.

"Ni duk ɗaya nake gani," ya ce.

"Na sani. Fesa."

Hannunsa dai bai manta komai ba. Ya ɗaure hanci, ya ɗauki bindigar fenti, ya bi motar daga goshi zuwa but, shafi uku, ba ɗigo ba tudu. Juma'a suka goge ta, suka ɗaura kujeru, suka mayar da fitilu.

Ranar Asabar Dillali ya tuƙa, Malama na gefensa da jaka a cinya. A filin taron mutane suka yi ta zagaye motar suna ɗaukar hoto. Wani dattijo ya tambayi wanda ya haɗa launin, Mai Ido ya nuna matarsa, ita kuma ta ce ita kujeru ta ɗinka. Bai iya tsayawa wuri ɗaya ba. Duk wanda ya yaba sai ya bi shi da ido, ya ga ko zai juya ya yi dariya.

Bayan mako uku aka yi masa aikin idon dama. Washegari da aka cire bandeji, farar rigar likitar ta kusa sa shi hawaye. Bai bari an kai shi gida ba, ya ce da Dillali su biya gidan Malama. Motar na cikin rumfa. Ya tsaya ya kalle ta da ido ɗaya, ya daɗe, ya ce, "Tela ta iya."

Daga nan suka wuce gareji, wai zai ɗauki caja. A bango akwai allon da yake shafa ragowar kowane fentin da ya haɗa, da sunan mai motar a ƙasa. Ya tsaya cak. Na bara duk sun karkata. Wata mota da aka ce a yi mata ruwan madara, ga ta nan fari mai shuɗi-shuɗi kamar bangon asibiti. Wata ruwan toka ta koma ruwan bula.

"Motoci huɗu," ya ce. "Ba wanda ya gaya min?"

"Yaya, wa zai gaya maka? Biyu ma ni na sayar da su, masu su suna ta godiya."

"Ba ni lambobinsu."

"Likita ta ce ka kwanta mako biyu, ban da ƙura, ban da sunkuyo."

"Na ji. Waya ai ba ƙura ba ce."

Na farkon ya ce shi motarsa ta yi masa, kada a taɓa masa ita. Na biyun ya ce dama matarsa ta faɗa, yaushe zai kawo? Mai Ido ya ce farkon wata, sannan ya rufe bakin wayar da hannu ya juyo wurin ƙanensa.

"Kira min maman yara ka tambaye ta ko tana da ɗinki farkon wata. Idon hagun ba a yi shi ba tukuna."