Ɗan Makullin Gefen Memori

Ƙarfe biyu likitan ƙwaƙwalwa zai ga Tsuntsuwa, kuma sau ɗaya yake zuwa asibitin a wata uku. Shi ya ce wa mahaifiyarta ta riƙa ɗaukar bidiyo duk lokacin da farfaɗiyar yarinyar ta tashi, don da idonsa yake son gani kafin ya canza mata magani. Ta ɗauka, sau goma sha ɗaya, zuciya na cewa jefar da wayar ki rungumi ɗiyarki. Wayar ta mutu makon jiya, memorin ya tsira. Yau da safe ta sa shi a kwamfutar maƙwabciya, ta tarar wayam.

Sha ɗaya da rabi ta shiga shagon yayanta, mai gyaran kwamfuta, Tsuntsuwa na riƙe da gefen zanenta. Shagon ɗaki ɗaya ne, fanka na juyawa da ƙyar, tebur cike da sukurori a murafen kwalba.

"Yaya, ajiye wannan. Nawa ya fi gaggawa."

"Ko sallama babu, Auta? Tsuntsuwa, zo ki gaishe da kawunki, uwarki ta manta tarbiyya a gida."

Ta miƙa masa memorin cikin adaftarsa, naɗe da hankici. Ya zura, ya duba, ya taɓe baki.

"Ina kika kai shi?"

"Shagon buga takardu, shekaranjiya. Takardar asibiti na buga."

"Shi ke nan, kin kwaso bairos. Kwamfutocinsu sun fi bola datti."

"Bidiyon suna nan," ta ce, ta ɗora yatsa a kan allon. "Dubi wannan layin, ya cika fiye da rabi. Jakar da babu komai ciki ba ta nauyi."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "To, Injiniya. Ɓoye su ya yi, ina da manhajar da ke tono su."

Ya kunna manhajar. Ta lissafo folda ɗaya, ta fara aiki, sai ta tsaya cak, wani jan akwati ya fito yana cewa an hana ta. Ya sake, haka. Ya buɗe ta da ikon mai kwamfutar, haka. Ya canza ramin da ya zura memorin, ya sauko da sabuwar manhajar, ya kashe kwamfutar ya kunna. Jan akwatin bai fasa fitowa ba. Agogon bango ya wuce sha biyu da rabi, Tsuntsuwa ta gaji da jera sukurori ta kwanta a cinyar uwarta.

"Memorin nan ya samu rauni," Yaya ya ce yana share gumi. "Bari in yi masa fomat, sai in bi da manhajar farfaɗo da abin da aka goge. Yawanci ana samun rabi."

"Rabi? Wane rabin zan nuna wa likita?"

Ba ta rufe baki ba ya riga ya danna, don hannunsa ya saba. Ta ƙwalla ƙara har yarinyar ta firgita. Sai wani akwati ya fito: ba a iya rubuta komai a kan wannan memori.

Auta ta matso. Ta zare adaftar, ta juya gefenta, ta nuna masa ɗan makullin nan mai kamar ƙwayar shinkafa, an ja shi ƙasa.

"Ni na ja shi. Da na dawo daga shagon buga takardun na ji hankalina bai kwanta ba, na tuna ka taɓa cewa in an ja shi babu mai iya taɓa abin da ke ciki. Manhajarka ba ta lalace ba, Yaya. Ƙofa ta tarar a kulle."

"Kin kulle gida da ɓarawo a ciki ke nan."

"Na kuma kulle ka a waje. Da yanzu ka share min wata uku."

Ya sosa ƙeya. Ya miƙo hannu, ta maƙale.

"Tukuna. Ɗauke linzamin kwamfutar nan daga kusa da fomat. Kuma in sun fito, ka kashe bairos ɗin, ka kwafa min su wuri biyu."

"An gama, ranki ya daɗe."

Da farcenta ta tura makullin sama, ta miƙa masa, ya zura. Manhajar ta wuce sumul, foldar ta bayyana da sunan da ta sa mata. Ta ƙirga da yatsa, sha ɗaya cif. Ta juya fuskar Tsuntsuwa ga bango, ta buɗe na farko da na ƙarshe, ta tabbatar suna tafiya, ta rufe da sauri.

Yaya ya kwafa a filashi da kwamfutarsa. Wani mai jiran gyara ya leƙo yana tambayar me ake ciki.

"Ƙanwata ce ta zo koya min aiki," in ji shi. "Shekara goma ina sana'ar nan."

Ta ja makullin ƙasa, ta naɗe memorin a hankici, ta saɓa ɗiyarta a kafaɗa. Ɗaya da minti goma. A bakin ƙofa ta juyo.

"Yaya, ina wuni? Ga sallamar taka."