Kwale-kwalen Kaka Zuleha

Ranar da dilar atamfar ta iso gidanmu na unguwar Moursal, ni na yanke igiyar.

Kakata Zuleha ta tuƙa jirgin sama tun ana ce wa garin nan Fort-Lamy. 'Yar mahauta ce. Da kai nama filin jirgi ta fara, har wata Baturiya mai ƙaramin jirgi ta ga kanta na ja, ta koya mata tuƙi. Ta shekara da shekaru tana kai magani ƙauyukan da damina ta yanke wa hanya, tana ɗauko matan da naƙuda ta yi wa gardama, tana sauka a filin da sai an kore shanu tukuna. Yanzu ta tsufa tukuf, idanun sun tafi, sai kunne da baki.

Bana matan danginmu suka ce a bikin ranar mata za a yi anko da sunanta. Aka danƙa wa Kawu Ya'akubu, babban ɗanta, aikin bugo atamfar, tunda shi ke zuwa Kano fatauci.

Na warware turmi ɗaya. Ga rubutu ɓaro-ɓaro: Zuleha Matuƙiyar Jirgi. A ƙarƙashinsa kuwa wata mata ce zaune daram cikin kwale-kwale, riƙe da filafili, har da kifaye biyu suna tsalle.

Na sami Kawu a zaure yana sakace haƙori.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Jirgi mana. Na ce wa mai zanen mahaifiyata matuƙiyar jirgi ce, ya zana jirgi."

"Ba ka ce masa na sama ba?"

"Bai tambaya ba." Ya tofar da abin da ya sakato. "Ke Bahijja, mace a kwale-kwale ai ta fi mutunci. Ko so kike a zana uwata da wando, duk gari a gani?"

Nan na gane ba kuskure ba ne. Lallai an nuna masa zanen tun kafin a buga, ya gyaɗa kai. Mutumin da jirgin nan ya ciyar da shi, ya kai shi lakwal ya yi boko, har yau kunyar wandon uwarsa yake ji.

Na ɗauka matan za su tayar da ƙura. Ina! Wannan ta ce kalar ta yi kyau, waccan ta ruga wajen tela. Gwaggo Khalida, matar Kawu, har da dafa min kafaɗa: "Ki bar zancen, ai ba ta gani." Wallahi ji na yi kamar na taka danƙararren kashin kaza ba takalmi.

Da safiyar bikin na shiga shirya Kaka. Ta shafa atamfar a hankali, tana murmushi.

"Ƙawata, fukafukan a sama suka zana ko a ƙasa? Nawa a sama suke."

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe, na haɗiye ta. Na gaya mata komai, har kifayen.

Ta ce, "Ni da ko iyo ban iya ba." Sai ta sa na buɗe tsohuwar akwatinta, na ciro wandon kakin da take tashi da shi. Ya yi mata yawa yanzu, sai da na ɗaure mata shi da igiya. Ta ce in ɗaura mata zanen atamfar a kan wandon.

An kafa rumfa a ƙofar gida, mata fal, kowace da kwale-kwale a jikinta. Babbar baƙuwa shugabar matan unguwa ce, ba ta jin Hausa. Ta dubi zanen, ta karɓi lasifika ta shiga yabo da Larabci: ga jarumar da ta sha ƙetarar da mutane kogin Shari a markaba. A Larabcin garin nan markaba jirgin ruwa ne, ba shi da wata fassara. Aka ɗauki tafi. Kawu na gefe yana gyaɗa kai, har da lumshe ido.

Kaka ta dafa ni ta miƙe. Ta kwance zanen, ya zube ƙasa, ta tsaya cikin wandonta. Tafin ya mutu.

"Tayyara," ta ce da ƙarfi da Larabci. "Na sama."

Kawu ya taso, ya tsinci zanen zai rufe ta. "Inna, mutane fa!"

Ta ture hannunsa. "Da wannan wandon na tashi ina da cikinka, Ya'akubu, ba ka ji kunya ba a lokacin. Kai wa mahauta zanenka su rufe nama, ƙuda ya yi yawa."