Mai Shara a Kasuwar Rumfa

Zazzaɓin ya fara taɓa Injiniya Tanimu tun a masallacin Juma'a, amma da yake Allah ya yi shi da taurin kai, bai wuce gida ba. Ofis ya koma, ya tura ƙofa, ya shimfiɗa darduma kusa da tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa, ya kwanta yana sauraron gurnanin fankarta. Ran Litinin zai bar cibiyar binciken nan ta Zariya bayan shekara talatin da huɗu. Darakta ya ce tsofaffin injuna duk 'yan gwangwan za a ba, amma wannan ɗin, in yana so ya tafi da ita gida, ba wanda zai tambaya.

Wannan "ba wanda zai tambaya" shi ya tsaya masa a rai. A cikin kwamfutar nan Rumfa take, kuma duk faɗin duniya ba ta ko'ina sai nan. Rumfa manhaja ce, irin babbar nan da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, su huɗu suka gina ta da ƙuruciyarsu. A zamanin, kwamfutocin da ke zuwa hannunsu duk na gwanjo ne, kowace da yarenta, abin da ka rubuta wa wannan, waccan ba ta ji. Sai suka ƙago wani inji da babu shi, injin riya, suka rubuta komai dominsa, suka koya wa kowace kwamfuta ta gaske ta kwaikwaye shi. Shekara takwas Rumfa tana aiki a ɗakunan karatu da ƙananan asibitoci. Daga baya manhajojin waje masu sauri suka cika gari, aka kira taro, aka ce a dakata da ita. Bawa ya rasu. Ilu ya tafi Turai bai ƙara waiwayowa ba. Dakta Ladidi ta koma koyarwa a Bauchi, faya-fayan da ta tafi da su suka lalace, ta rubuto sau uku tana roƙon Tanimu ya ba ta rubutun manhajar ta koya wa ɗalibanta. Duk ukun amsa ɗaya ya ba ta, wai akwai sauran gyara. Gyaran me? Rowa ce tsagwaronta, da tsoron kada yaran zamani su buɗe aikin rayuwarsa su yi dariya.

Sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ya ja babbar rigarsa ya rufa, fankar ta yi ta gurnani, ta yi ta gurnani, har ta koma hayaniyar kasuwa.

Ya gan shi tsaye a bakin wata kasuwa da ba ya hango ƙarshenta. Haske ne tar kamar na tsakar rana, sai dai babu rana a sama, babu inuwa a ƙasa. Hayaniya tana tashi, ga muryar ciniki, ga dariya, amma ko mutum ɗaya babu. Da ya sunkuya sai ya ga ginshiƙan rumfunan ba su taɓa ƙasa ba, sun tsaya taki ɗaya a sama da ita, shi ma haka tafin ƙafarsa yake.

A rumfar farko wani tsoho yana zaune a kan iska, ya tanƙwashe ƙafa. Duk sanda Tanimu ya ƙifta ido sai fuskar tsohon ta sauya, yanzu doguwa, an jima mai faɗi.

"Sannu da hutawa, Baba. Wace kasuwa ce wannan?"

Tsohon ya maimaita tambayar a hankali, kalma bayan kalma, yana duban ƙasa, sannan ya ɗago. "Kai ka kafa ta, kuma kake tambayata."

"Kai ne wa?"

Ya sake maimaitawa kafin ya amsa. "Ni ne injin da babu shi. Kun ce in zauna tsakanin rumfa da ƙasa in yi tafinta. Ga ni zaune. A da, ƙasa goma sha ɗaya nake yi wa magana, wato injunan gaske, kowace da yarenta. Yanzu dubi."

Tanimu ya duba. Duk kasuwar nan a kan wani ɗan fili take rataye, wanda bai fi darduma ba, yana rawa yana gurnani.

"An ce ka cika nawa," in ji Tanimu, muryarsa ta yi ƙasa. "Da wannan suka kashe mu a taro."

"Wanda aka sa ya faɗi kowace magana sau biyu, ai dole ya yi nawa. Ban ji haushi ba. Wuce, mai tsintsiya tana can tana shara. Yau layinku za ta shiga."

Ya shiga cikin kasuwar. Rumfunan cike suke da kayan da ya sani. Ga katunan aron littattafai jibge kamar ganyen kuka, ga sunayen jariran da aka yi wa rigakafi suna yawo a ƙasa suna tsattsage kamar 'yan tsaki. Kowane abu da zare ɗaure a jikinsa. Wasu zaren sun miƙe sun nufi ƙofar kasuwa, wasu sun saki sun kwanta.

A wata rumfa ya tarar da tebur huɗu jere, a kan na biyu akwai kofin shayi mai tsagin baki. Na Bawa ne. Ko a ina ya gan shi zai gane shi, don Bawa bai taɓa yarda a wanke shi da sabulu ba.

"Tanimu, ka tsufa," in ji kofin.

"Kai ma ka dafe. Wa ke riƙe da zarenka?"

"Matar Bawa ce. Takan ja lokaci-lokaci, in ji daɗi. Tun bara ban ji motsi ba."

Kafin Tanimu ya ce wani abu, bakin tsintsiya ya wuce ta kan teburin. Ba ƙarar fashewa, ba ƙura. Kofin dai babu shi, ko zoben da yakan bari a katako bai rage ba.

Mai tsintsiyar doguwar tsohuwa ce, ramammiya, ta yi ɗaurin ƙirji, da ƙoƙon toka rataye a kugunta. Ba ta dube shi ba. Ya bi ta a baya yana kallon yadda take aiki. Sai ta taka har ƙofar kasuwa, inda hasken ya yi yawa ba a ganin abin da ke waje, ta kama zare ɗaya daga waɗanda suka shigo daga can, ta biyo shi. Duk abin da zaren ya kai ta gare shi, ta dangwala masa toka ta wuce. In ta gama bin zaren duka, abin da ba shi da toka ta share. Nan take ya gane ta. Ita ce mai sharar Rumfa, wadda ke kwashe abin da aka gama da shi don ƙwaƙwalwar inji ta sami wuri.

Ya ruga layinsu, ya sami kwamfutarsa a rumfar ƙarshe, ƙaramar fitilarta koriya tana ci. Sai a nan ya lura da igiya mai kauri da ta fito daga ƙirjinsa ta ɗaure a jikinta, da wata da ta fito daga jikinta ta ɗaure a ƙirjinsa. Hankalinsa ya kwanta, har ya gyara tsayuwa. Da tsohuwar ta iso ya tare ta da fara'a.

"Iya, wannan kam a riƙe take. Dubi igiya, ba zare ba."

"Na gani, ɗan nan. Kai kana riƙe da ita. Kai wa ke riƙe da kai?"

"Ita."

"To," in ji ta, ta jingina da tsintsiyarta.

Rufin rumfar ya yaye, ruwan damina ya fara dukan kwano, sai ga shi a tsohon ofishinsu, gashinsa baƙi wuluk. Ladidi tana gaban allo da alli a hannu, gyalenta ya zame ba ta ma sani ba. Ya tuna ranar sarai. Shi ya rubuta mai shara ta farko, ya ba ta doka mai sauƙi: duk abin da ko zare ɗaya ke riƙe da shi, ta bar shi. Sai injuna suka riƙa cika suna sandarewa bayan kwana uku, har wani asibiti ya koma rubutu a takarda, aka rasa dalili.

Ladidi ta zana da'ira biyu, ta haɗa su da layi biyu. "Injiniya, dubi waɗannan. Wannan na riƙe da wancan, wancan na riƙe da wannan, amma ba mai bukatarsu a waje. Mai shararka ba za ta taɓa su ba har abada, ga su kuma sun cinye wuri. Sai dai ta riƙa farawa daga ƙofa."

Bawa ya yi tafi, Ilu ya kwashe da dariya. Shi kuwa gogan ya sha kunu, mako guda bai gaishe ta ba. Gaskiyarta ce, kuma gyaran nata ne ya sa Rumfa ta yi shekara takwas.

Ruwan ya ɗauke. Yana tsaye a kasuwa, furfurarsa ta dawo, tsohuwar tana jiransa.

"Dokar ba tawa ba ce," ta ce. "Ku kuka ba ni."

"Iya, gida zan kai ta. A ɗakina zan ajiye ta, kullum in kunna."

"Gidan naka a waje yake, ko a ciki?"

Ya waiwaya. Ga gidansa nan a jerin rumfunan, bangonsa a buɗe: gadonsa, rediyonsa, kujerar marigayiya matarsa da ba ya yarda a gusar. Shi ma taki ɗaya yake a sama da ƙasa.

"Ina da 'ya'ya," ya ce da sauri. "Biyu a Legas, ɗaya a Fatakwal. Duk Lahadi suna bugo waya."

"Haka ne." Ta tsoma yatsa a toka ta dangwala masa a goshi. Sai ya ji wani abu ya ɓare daga jikinsa kamar ɓawon gyaɗa. Wani Tanimun ya fita, sanye da jallabiyar zaman gida, da toka a goshi, ya bi zare uku ya nufi ƙofa ba tare da ya juyo ba. Wanda ya rage ya shafa goshinsa ya ji wayam.

"Ubansu suka riƙe," in ji tsohuwar. "Wanda ya gina wannan kasuwa ba su san shi ba. Ka taɓa gaya musu?"

Bai taɓa ba. Kaɗaici ya danne shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka kai matarsa makwancinta. Ya durƙusa, dattijo da shi, ya riƙe gefen zaninta. "Ki yi wa Allah, Iya. Ni ki share ni. Ita ki bar ta. Mu huɗu muka yi ta, biyu ba sa nan."

"Ba na zaɓe. Amma akwai zare ɗaya da ban bi ba, don bai kai ko'ina ba."

Ta nuna da bakin tsintsiya. Wani siririn zare ne na takarda murɗaɗɗiya, da ƙulli uku a jikinsa. Daga ƙofa ya shigo, ya ratso kasuwar gaba ɗaya, ya zo ya kwanta taku biyar kafin rumfarsa.

"Sau uku ana jefo shi," ta ce. "Duk sanda ya iso sai ka ja rumfarka baya."

Yana kallo zaren ya motsa. Daga waje ake janye shi, a hankali, ba fushi, yadda mace ke naɗe igiyar shanya in ta gama da ita. Taku shida. Taku bakwai. Tanimu ya zabura zai cafko shi, igiyar ƙirjinsa ta fizgo shi ya faɗi. Ba za ta kai ba. Dole sai ya kwance ta daga ƙirjinsa, ya ɗaura bakinta a zaren can, in yana so toka ta iso ga injin. Ya kai hannu ga ƙullin, ashe irin nasa ne, wanda yake yi wa buhu ya ƙi kwantuwa. Yatsunsa suka kumbura suka yi nauyi. Ya sa haƙori. Tsohuwar ta ɗaga tsintsiya, ba ta gaggawa, ba ta kuma jira. Ya ji bakin tsintsiyar ya taɓa ɗan yatsan ƙafarsa, sanyi ƙalau, ya duba bai ga yatsan ba.

Ya farka a firgice, sharkaf da gumi, haƙoransa cije da wuyan rigarsa. Ana kiran la'asar.

Ko takalmi bai nema ba. Ya lalubo wayarsa, ya yi ta gangarawa cikin sunaye har ya kai ga lambar da rabonsa da ita shekara tara. Ta yi ta ringi har ya fid da rai.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?" Muryar ta tsufa, amma ita ce.

"Dakta, Tanimu ne. Na Zariya."

"Ashe kana da rai, Injiniya."

"Babu wani gyara, Dakta. Tun farko babu. Ina so in kawo miki ita."

"Ɗaliban da na nema wa sun gama sun watse. Ni kaina bara na yi ritaya. Wa zan koya wa yanzu?"

Ya zauna daɓas a kan dardumar, wayar manne da kunnensa, yana jin numfashinta.

"Tana tashi kuwa?" ta tambaya can.

"Tana tashi."

Ya ji kamar tana jan hanci. "Motar Bauchi da sassafe take lodi," ta ce. "Kada ka yarda su jefa ta a but. Ka biya kujera biyu, ka zaunar da ita kusa da kai."