Aljihun Malam Tukur

Sau uku Zaituna na tsayawa gaban kwamitin ƙaramar hukuma a Dutsin-Ma da takardu cike da alƙaluma, sau uku dattawan nan suna gyaɗa kai suna danne hamma. Ma'aikaciyar lafiya ce, kuma abu ɗaya ƙungiyarsu ke nema: a sa hannu kan dokar da za ta tashi masu teburin sigari daga ƙofar makarantu. Zaman yau shi ne na ƙarshe.

Saboda haka ta biya gida Birchi, ta buɗe akwati, ta ɗauko rigar mahaifinta.

Malam Tukur, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kunya. Shekara arba'in yana shan taba, amma bai taɓa yarda babba ko 'yarsa su gan ta a bakinsa ba. Da ya ji sallama sai ya cusa ta aljihu da wutarta, ya tsaya yana gaisuwa har da tambayar shanu, hayaƙi na fita ta gefen riga, shi a dole ba wanda ya gane. Tari ya ɗauke shi bara. Rigar ce kaɗai ta rage da warinsa, kuma Zaituna, mai yi wa jama'a wa'azin illar taba, takan rufe ƙofa ta tusa fuska cikinta. Tana kewarsa ƙwarai, har da warin abin da ya kashe shi.

A zauren taro ba ta karanta komai ba. Ta shimfiɗa rigar kan tebur, ta juyo aljihun waje. Duk huji ne, baƙi-baƙi.

"Ranku shi daɗe, babana yana aji huɗu ya fara saye, a bakin makaranta. Kara guda-guda."

Ba wanda ya tambayi dalilin hujin. Shugaban kwamitin, Alhaji Mahmuda, ya kai hannu ya dafe nasa aljihun, sannan ya janye da sauri.

"Mun sa hannu, Malama Zaituna," ya ce. "Amma sai majalisa ta amince, kuma su ma takarda ba ta ratsa su. Bar mana rigar nan su gani. A wanke ta, mu rataye."

A wanke. Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta tuna ƙofar makarantar. Ta ninke rigar a hankali, ta miƙa da hannu biyu.

A tasha, ɗan acaɓan da zai kai ta ya hangi farar rigar aikinta, ya yi maza ya ɓoye tabarsa a bayansa, yana gaishe ta da ladabi. Hayaƙi na tashi ta kafaɗarsa.

Zaituna ta matso, ta shaƙi hayaƙin ta riƙe, idonta ya cika.

"Malam, kashe ta," ta ce.